Harsashin Makaranta

Diga ta daki wani abu mai tauri, manajan ya tsaya yana haki. Hutu ya ɗauko daga ofishinsa na Sokode, ya zo ƙauyensu kusa da Dapaong don a haƙa harsashin makarantar sakandare, ko yara sa daina barin karatu saboda nisa. Ya rantse gaban jama'a ba zai koma ba sai gini ya tashi.

"Kawu, mene ne wannan?"

Tsohon ya leƙa ramin. Jerin bulo ne, siminti ya yi baƙi.

"Harsashin makarantar ne, ɗana. Babanka ya aza shi kana goye. Muka tafa, muka ci shinkafa, muka watse."

A bayansu mata suka kwaɗa kira: a ajiye aiki, shinkafa ta nuna.