Tandun Kwallin Inna

Inna ba ta gan ni ba ne, ko kunyar 'yar fari ce ta hana ta kallona? Rubuta haka, jikata, ni ban iya ba.

Bayan rasuwar Malam kakanki, babanki ya kawo ni nan ƙasar waje, unguwar Sri Petaling, korona ta rufe hanyar komawa. Da muka je awon hawan jini a ƙaramin asibitin unguwa, likitar ta haska idona ba tare da na ce yana ciwo ba. Ta ce ina da cutar da ke cin gani ta gefe, ba zafi, kuma ana gadonta. Ta ba ni maganin ɗigawa. Na fito ina kuka cikin takunkumi.

Ina shekara bakwai, wata la'asar, Inna ta zaunar da ƙanwata Ladi a cinyarta tana sa mata kwalli. Tandun fata ne, yana ƙamshin man shanu. Na tsaya a hagunta, na ɗaga fuska, na buɗe ido har suka yi ruwa. Ta gama da Ladi, ta hura mata ido, ta toshe tandun.

Washegari aka kai ni riƙo gidan gwaggo, ban dawo na iske Inna da rai ba. Ladi ma ta rasu, amma har yau ina kishin cinyar nan.

A ranar kwallin nan, sai da na ja majina Inna ta juyo da kanta gaba ɗaya, a firgice.

"Au, 'yar nan, yaushe kika zo?"