Shaidar Bakin Shago

Ajiye wayar nan tukuna, ɗana. Na ji, kowa a cikinta ya yabi injin markaɗen da kake son saye. Zauna in ba ka misali, in na gama sai ka tafi kasuwar.

An yi wani manomin rani da yake da fadama a bakin rafi, shekara da shekaru yana ban ruwa da guga har kafaɗunsa suka gaji. Wata shekara ya ƙudura zai faɗaɗa gonar albasarsa, ya sayar da tumakinsa kaf don ya sayi injin ban ruwa. Kada ka ɗauka wawa ne. Mutum ne mai bin diddigi, irin wanda ko allura zai saya sai ya juya ta. Ya shiga birni, ya nufi layin masu injuna, ya ga wani ja mai sheƙi a kan kwalinsa. Ya tambayi mai shago, mai shago ya ce ai wannan ko rafin ne zai shanye. Ya tambayi dillalin da ya rako shi, ya ce bana kowa shi yake ɗauka. Ya leƙa shagon maƙwabci, shi ma ya yaba, ai kuwa dole ya yaba, tunda irinsa ne jibge a bayansa. Manomi bai gamsu ba, ya ce shi wanda ya yi aiki da injin yake son ji daga bakinsa. Ana haka sai ga wani dattijo ya shigo, ƙafafunsa duk busasshen taɓon fadama, ya miƙa wa mai shago wani ɗan ƙarfe da ya naɗe a tsumma ya ce a ba shi irinsa. Mai shago ya yi farat ya ce yauwa, ga ma wanda yake da shi nan, tambaye shi ka ji. Manomi ya gaida dattijo ya tambaye shi yadda injin yake. Dattijo ya dubi mai shago, ya dubi ƙasa, ya ce, "To, alhamdu lillahi, muna dai lallaɓawa." Shi ke nan fa, zuciyar manomi ta kwanta. Ya biya, aka ɗaura masa inji a bayan babur. Bai tsaya ya tambayi kansa abin da ya rabo mai inji da gonarsa a tsakiyar rani, riƙe da guntun ƙarfe a tsumma ba.

Da fari inji ya yi aiki kamar ba gobe. Ja ɗaya na igiya sai ruwa ya cika mesa, manomi ya yi dashe har inda bai taɓa kaiwa ba. Sai da albasa ta fara yin kai, lokacin da ba ta yafe ƙishirwa, sannan inji ya fara halinsa. Yau ya yi tari ya mutu, gobe ya yi zafi ya ƙi tashi, jibi a ja igiya har hannu ya yi kanta. Gonar da ya faɗaɗa kuwa ta fi ƙarfin guga. Yana ji yana gani lawashi ya yi yaushi, ya kwanta, ya koma fari. Abin ya ci masa rai ƙwarai, don ba tumaki, ga albasa tana tafiya. Ya ɗauki inji ya kai rumfar bakanike, sai ya tarar da jajaye irinsa a jere kamar marasa lafiya a layin asibiti. A kan benci kuma ga dattijon nan zaune, ya sa nasa a gaba. Manomi ya ce haba Baba, kai ne fa ka ce da ni alhamdu lillahi. Dattijo bai musa ba. Ya ce, "A gaban mai kaya ka tambaye ni, a bakin shagonsa. Ni ban taɓa ɓata wa mutum ciniki ba, ba kuma da furfurata zan fara ba. Da ka biyo ni gona, ko uffan ba sai na ce maka ba, da ka ga rabinta a ƙone."

Ka lura, ɗana, dattijon nan bai yi ƙarya ba. Haka muke, a kasuwa ba a tsinka wa mutum ciniki, kuma wanda ya sayi abu da guminsa yana jin nauyin ya ce a gaban jama'a an cuce shi. Manomi ya yi tambaya da yawa, amma duk a inuwar mai sayarwa ya yi ta. Mutanen cikin wayar taka fa, ka san a bakin shagon wa suke tsaye? Ba ka sani ba, ni ma ban sani ba. Ga mai markaɗe can a bayan masallaci, irin injin nan gare ta tun bara. Je ka da safe lokacin da mata suka jera robobinsu, ka tsaya gefe kamar mai jiran wani. Ka ga ko yana tashi da wuri, ka ga ko ƙullun yana fita da laushi, ka ga ko layin yana tafiya. Shi manomin, da a ce ya yi haka, da tumakinsa ba su tafi a banza ba. Ai tun tuni Hausawa suka ce, gani ya kori ji.