Hoton Bangon Littafi

Tun daga maɗaba'a marubuciyar ta ɓoye littafin a cikin gyale, kamar wadda ta sato shi. Littafinta ne na farko, labarin soyayyar zamanin da. Ita ta rubuta, ita ta buga da kanta, babu wani kamfani. Abu ɗaya ne ba nata ba, hoton bango. A ƙasan akwatin marigayiya kakarta ta tsince shi. Kakar tana budurwa, ta dafa kafaɗar saurayinta a kan keke, tana dariya har da rufe ido. Ba ta nemi izinin kowa ba. Masu karatu kuwa tuni suka yaɗa hoton a waya, kowa na cewa soyayyar zamanin da, ita ce soyayya.

Ta sami kakanta a kan tabarma yana gyaran rediyo.

"Matata, yau kuma me kika ɓata? Na ga sai sunne kai kike yi."

Ta durƙusa ta miƙa masa littafin. "Kaka, ka yafe mini. Na sa hotonku kai da ita, ban tambaye ka ba."

Ya sa tabarau, ya matsa bakin taga. Ya daɗe yana shafa fuskar matarsa da babban yatsa.

"Guda nawa kika buga?"

"Da yawa, Kaka. Har an fara saye."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Ashe haka take dariya," ya ce. "Shi kuma wannan na kan keken, wane ne?"