Littafina a Ƙarƙashin Gwiwa

Ranar da na koma ɗakin ibadarmu na mabiya Buda a garin Ballarat, a ƙarƙashin gwiwoyin mutane na tarar da littafina.

Shekara tara na yi ina rubuta shi, labarin jinyar mijina har rasuwarsa. Ni na buga abina, ni nake yawon tallarsa a bayan mota, daga laburare zuwa kasuwar Asabar. Guda ashirin na kawo nan kyauta don a karanta. Ga su nan a ƙasa, duk tsohon da ya tanƙwashe ƙafa don zaman shiru ya tokare gwiwarsa da ɗaya.

Minti arba'in muka yi ana koya mana sakin fushi. Ko ɗis ban saki ba.

Ana kaɗa ƙararrawar tashi na tare malaminmu yana gyara mayafinsa ruwan goro.

"Malam, mijina ne fa a cikin littafin nan."

"Na sani, 'yata, na karanta," in ji shi. "A shafi na saba'in kin ce abin da ya fi cin ransa a gadon asibiti shi ne ya daina amfanar kowa."

Ya dubi littattafan da ke ƙasa, ya ci gaba.

"To, yau gwiwa ashirin ya tallafa."

Sai wata tsohuwa ta ɗingiso ta dafa kafaɗata. "Ke ce marubuciyar? Sannu da ƙoƙari. In za ki yi na biyu, ki ɗan ƙara masa kauri."