Hannun Ƙungiya

Tun da aka fara dasa wa masu jifan ƙwallo hannun ƙarfe, babu wanda ya kai Tasi'u suna a wasan besbol na Kano, wasan da ake jefa ƙwallo a doke ta da sanda. Sai dai hannun nasa mallakar ƙungiya ne. Da zarar koci ya latsa na'urarsa, sai hannun ya ɗauki zafi, ya wurga duk abin da yake riƙe da shi, ko Tasi'u ya so ko bai so ba.

Ranar da matarsa Furera ta haihu, ya nemi hutu ya garzaya gida. Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifinsa, ta fito da jaririyar a naɗe cikin zani.

"Ungo 'yarka, ka yi mata huɗuba."

"Gwaggo, ki riƙe ta, zan sunkuyo."

"Wane irin uba ne kai? Miƙo hannu!"

Kafin ya ja da baya ta ɗora masa ita. Kan yarinyar ya zauna daidai cikin tafin ƙarfen. Ya fara kiran salla a kunnenta. Yana tsaka da shahada ya ji zafi yana taso masa daga gwiwar hannu. Can a filin atisaye, wani ya manta yau Tasi'u ba ya nan, ya latsa na'urar.

"Gwaggo, karɓe ta! Karɓe ta!"

Ta fizge jaririyar. Hannun ya yi baya, ya tsaga iska da ƙarfin da ya kayar da Tasi'u ƙasa.

Daga ɗaki Furera ta ce, "Lafiya?"

Tasi'u ya tashi ya koma bakin zaure. Daga can ya ƙarasa kiran sallar, yana ɗaga murya don 'yarsa ta ji.