Minti Goma Sha Biyar a Gidan Mai

Allon da ke bakin gidan man nan na kusa da filin jirgin Manchester magana ɗaya ya yi, da manyan baƙaƙe: minti goma sha biyar. Wanda ya wuce haka, wani kamfani mai zaman kansa zai aika masa takardar tara ta fam ɗari. Halliru ya san allon sarai. Sau biyu yana karya dokarsa.

Motar ba tasa ba ce. Ta Dakta Jumare ce, kawun matarsa Jamilatu, likita a Edgbaston da ke Birmingham. Ya ba su aronta ne da cikin Jamilatu ya tsufa, don kada ta riƙa tsayuwa cikin ruwa tana jiran bas zuwa awo. To da yake sunan Dakta ne a takardun motar, duk tarar da aka ci Halliru a Manchester, a ƙofar Dakta take sauka. A ta biyun bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Halliru, in ta uku ta zo, ka kawo mini makullina."

Sai dai ɗalibi mai mota a unguwar Withington ba shi da ikon kansa. Duk wanda baƙonsa zai sauka daga Kano ko Abuja, lambar Halliru yake nema. Fakin a cikin filin jirgi kuwa ya fi ƙarfin ɗalibi, shi ya sa kowa ke laɓewa a gidan man nan har baƙo ya kira ya ce ya fito.

Ran wata Talata ya shiga gidan man ƙarfe goma da minti biyu na safe. Ya saita agogon wayarsa ya buga bayan minti goma sha biyu, ya ƙudurta ko inji ba zai kashe ba.

Sai aka ƙwanƙwasa gilashi.

Baba Giɗaɗo ne. Duk Bahaushen da ya taɓa ɗauko baƙo a Manchester ya san shi: dattijo mai farin gemu, da baƙar jaket a zuge har wuya ko a watan Yuli. An ce da can a wani laburaren ƙaramar hukuma yake aiki, da gwamnati ta fara rage kashe kuɗi aka rufe laburaren. Mutane na tausayinsa. Ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da ke kawo shi gidan mai kullum, domin ba a yi wa babba irin wannan tambayar.

Ba a kuma gaida babba daga cikin mota. Halliru ya kashe inji, ya fito, ya rusuna.

Baba ba ya tsallake komai. Ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi sanyi, ya tambayi karatu. Ya tambayi jikin Jamilatu, da mutanen gida, da ƙafar mahaifin Halliru da aka ce tana damunsa bara. Ya zagaya motar, ya shafa bayanta.

"Har yanzu ta Dakta ce ko?"

"Tasa ce, Baba."

Baba ya duba agogon hannunsa. Halliru ya ɗauka lissafin azahar yake yi.

Wayar ta fara ƙara a aljihu. A daidai lokacin Baba ya ɗaga hannuwa biyu ya ce bari su yi wa mai ciki addu'a. Halliru ya kalli ƙofar fita, taku ashirin kacal, sannan ya ɗaga nasa. Addu'ar ta soma da Jamilatu, ta bi ta kan jariri, ta shiga kundin digiri da baturen da ke duba shi, ta ƙetara Najeriya ta bi jihohi. Halliru na amin, wayar na kuka. Da aka shafa, goma da minti talatin da ɗaya.

"Baba, na wuce lokaci," in ji shi, muryarsa a sanyaye.

"Da minti goma sha huɗu," in ji Baba, cike da tausayi.

"Zan rubuta wa kamfanin takardar koke. Za ka yi mini shaida cewa gaisawa muke yi?"

"Ni kuwa zan ba da shaida, ɗana. Yadda aka yi, haka zan rubuta."

Halliru ya yi godiya har da sake rusunawa.

Takardar da ya rubuta shafi uku ce, irin ta mai digiri na uku. Ya bayyana wa kamfanin matsayin gaisuwa a wurin Bahaushe, da dalilin da ba a katse dattijo, ya sa sunan Baba a matsayin mai shaida. Bayan mako uku aka ƙi karɓar koken, Dakta ya kira. Ran Asabar Halliru ya tuƙa zuwa Edgbaston, ya riga ya duba lokutan jirgin ƙasa na komowa.

Ya ajiye makullin a kan tebur. Dakta ya karanta kwafin takardar tun daga farko har ƙarshe, ya tsaya a kan sunan da ke ƙasa.

"Giɗaɗo. Mai jaket?"

"Shi ne, Kawu. Ka san shi?"

"Ya yi maka addu'a?"

"Doguwa ma."

Dakta ya cire tabarau, ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa na rawa don dariya. Da ya samu numfashi, ya tura makullin da ɗan yatsa har gaban Halliru.

"Ɗauki abinka, ni ma sau huɗu na ce amin. Shekara biyu ya yi yana gaishe mu a gefen filin jirgin Birmingham. Da muka gane muka daina sauke gilashi ne kamfanin tarar ya yi masa canjin wurin aiki zuwa Manchester."