Ɗinkin Akra

Ana shirin yi wa jaririn wankan gawa, kakarsa ta wajen uba ta shigo da aska, ta dubi surukarta.

"Na uku ke nan, 'yar boko. Ɗan wabi ne. Bari a tsaga masa shaida, in ya dawo mu gane shi."

Sai uwar jaririn ta yaye zanen. Ɗinkin likitocin Akra na nan kwance a ƙirjinsa, bai gama warkewa ba. Ita ce ta ƙi wanzamin unguwarsu ta Sabonjida, ta rungume shi kwana biyu a motar doya zuwa Akra. Aka yi masa aikin zuciya, ya ƙara sati bakwai a duniya.

"An riga an yi masa, Inna. Mai da askarki."

Bayan damina biyu ta sake haihuwa. Tsofaffi suka juya sabon yaron gaba da baya, ba su ga tabo ba, suka rangaɗa guɗa wai ba wancan ba ne.

Ita kuwa leɓɓansa take kallo. Yana tsotso yana haki, suna komawa shuɗi kamar na yayansa. Ta gyara masa kwanciya.

"Inna, har yanzu ranar Laraba motar Akra ke tashi?"